Wa Ke Raka Yaro Makaranta a Wudil?

An daɗe ana kai yara makaranta a Wudil tun kafin a ji sunan boko. Da yaro ya yi baki, ya kai shekara huɗu ko biyar, sai uban ya sayo masa ɗan allo a kasuwar Juma'a, uwar ta soya waina ko ƙosai na sadaka, a kama hannunsa zuwa zauren malam. Malamin nan kuwa ba baƙo ba ne. Sau da yawa shi ya raɗa wa yaron suna, shi ke jan uban salla, muryarsa ce yaron ke ji kullum ta bayan danga. A zauren akwai yayyensa da 'ya'yan maƙwabta. A raba sadakar nan kowa ya ci, a sa wa sabon ɗalibi albarka, shi ke nan ya shiga.

Ranar farko ba a ɗora wa kolo komai. Zai raɓa jikin yayansa, ana biya masa A'uzu da Bisimilla yana maimaitawa, in barci ya ɗauke shi a ƙyale shi. Sai ya saba da zaman, bakinsa ya kama Fatiha da ƙananan surori, sannan a zo kan babbaƙu da farfaru. Ranar Laraba a ba shi kuɗin Laraba ya miƙa da hannunsa, Alhamis da Juma'a ya huta. Dorina tana nan kusa da buzun malam, ba na musun haka, kuma ta ci bayan yara da yawa. Amma sabon shiga yana da kwanakin lallashi, domin duk wanda ke wurin ya san ɗan gidan waye.

Boko ta wata ƙofa ya shigo. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, daga baya En'e ta baza makarantun elementare a gundumomi. Umarni yakan sauko daga birni zuwa ga hakimi, wanda a Wudil shi ne Makaman Kano, daga nan zuwa dagatai da masu unguwanni: kowane gari ya kawo yara kaza. Kakata ta sha ba mu labarin yadda ake tura yaro cikin rumbu a rufe, ko a haye kogi da shi cikin kwalekwale zuwa wurin dangi har ƙura ta lafa. In ya zama dole a bayar, maraya ake miƙawa ko ɗan baran gida. Wanda ke raka yaron nan makaranta dogari ne, mata suna kuka a bayansa kamar an yi rasuwa. Yaron da ya bar gida a haka, da wace zuciya zai zauna a aji? Wasu sun gudu, aka kamo su, suka sake gudu. Waɗanda suka jure su ne suka zama malamai da ma'aikatan En'e, har garin Wudil ya zo ya yi suna da kwalejin horar da malamai da makarantar koyon sana'a, wadda Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a cikinta.

Ni ɗan UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe a watan Satumba na 1976. Yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, don haka sai a ce ka ɗora hannun dama ta saman kai ka taɓo kunnen hagu. In ka taɓo, ka isa shiga. Yara sun fi azuzuwa yawa nesa ba kusa ba, mu a gindin darbejiya aka fara zaunar da mu kan tabarmi. Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan yayata ce. Malaminmu ya bar ta ta zauna a gefe da farantin tallarta, in na waiga na gan ta sai in ci gaba da bin baƙi. Sai kuma kuɗin tara, 'yan kwabban da Baba ke ƙulle mini a bakin riga, na rogo da ƙuli ko ɗanwake. Na kuma riga na saba da zaman makarantar allo, na san yadda ake yin shiru in malam yana magana. Da na zama malamin aji ɗaya na ƙara ganin haka: yaron da ya fito daga allo ba ya wahalar zama. Haka kuma lokacin da gwamnatin Kano ta fara ciyar da 'yan firamare bayan 1999, masu zillewa kafin tara sun ragu a ajina.

Yanzu gari ya buɗe. Makarantar horar da manyan 'yan sanda da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda ta fara aiki a 2001, sun jawo ma'aikata daga ko'ina, makarantun kuɗi suka yi yawa. Ɗan shekara uku ake sa wa yunifom, a rataya masa jaka da gorar ruwa, a saka shi a A Daidaita Sahu tare da yaran da bai sani ba. Ko uwa ta kawo shi, akan ce mata, "Hajiya, ajiye shi ki tafi, kada ki waiga, zai daina." Zai daina ɗin, amma na sha ganin irin shirun da ke biyo bayan wannan kuka, kuma ba na sabo ba ne. Wani sai ya fara fitsarin kwance, wani kullum da safe cikinsa ke ciwo.

Abin da nake gaya wa matasan malamai da iyaye ba sabo ba ne. A kai yaro ya ga makarantar tun ana hutu, ya gaisa da malamarsa, ya san inda banɗaki yake. A haɗa shi da wani babba na unguwarsu da za su riƙa tafiya tare. In an ce masa za a zo ɗaukarsa da azahar, to a zo da azahar. Akwai wata shugabar makaranta a nan garin da ke shimfiɗa tabarma a inuwa duk farkon zango, ta ce iyaye mata da kakanni su zauna inda yaran za su hango su ta taga. Sai mako na biyu take sallamarsu, kuma wanda ɗansa bai sake ba takan ƙara masa kwanaki.