Maƙalewar totur: dalilai, bincike da gyara

Maƙalewar totur ita ce direba ya ɗage ƙafarsa, ko ya saki hannu a kan babur, amma injin ya ci gaba da ruri kamar ana taka shi. Matsalar na samun kowane irin abin hawa, daga ƙananan motocin gudu masu tsada zuwa raksha, wato keken Bajaj mai ƙafa uku, da ƙananan motocin haya na Amjad da ake shiga a unguwar Mayo da ke kudancin Khartoum da kuma Omdurman. Haɗarin ya fi girma a mota mai ƙarfin inji, amma tushen matsalar iri ɗaya ne.

Yadda totur ke aiki

A maƙogwaron injin akwai wani faifan ƙarfe da ke buɗewa da rufewa. Idan ya buɗe, iska da fetur sun ƙaru, injin ya ƙara gudu. A tsofaffin motoci da raksha, waya ce ke jan faifan, sifirin kuma ya mayar da shi. A sababbin motoci babu wayar: na'ura ce ke auna takun direba, kwamfutar mota ta umarci wani ɗan injin lantarki ya buɗe faifan.

Dalilai

Wurare uku ake zargi: ƙarƙashin ƙafar direba, jikin waya, da maƙogwaron injin. Tabarmar roba kan zame ta danne totur. Waya kan yi tsatsa, ko ta lanƙwashe, ko silinta ya fara tsinkewa a cikin kube. Faifan kuma kan cije saboda baƙin datti ko karyewar sifirin.

A Khartoum ƙura na ƙara tsananta lamarin. Guguwar habub da ke tasowa gab da damina, da hanyoyin Mayo marasa kwalta, suna cusa rairayi cikin kuben waya da matatar iska. Motocin da suka daɗe a ajiye tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 su ma suna buƙatar bincike kafin a hau titi da su.

Idan ya maƙale ana cikin tafiya

A taka birki da ƙarfi a riƙe, kada a riƙa takawa ana saki, domin hakan na cinye ƙarfin birkin. A taka kuloci ko a mayar da giya firi. Injin zai yi ƙara, amma ya daina jan tayoyi. A gangara gefen hanya, sannan a kashe. Idan dole ne a kashe ana tafiya, a murɗa makulli mataki ɗaya kawai, kada sitiyari ya kulle. A mota mai maɓallin tayarwa, sai an danne shi na kimanin daƙiƙa 3. Mai raksha ya damƙe kuloci, ya taka birki.

Bincike

Ana yin sa ne injin a kashe, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A cire tabarma, a danna totur da hannu a ga ko yana dawowa da kansa. Sannan a cire wayar daga maƙogwaron injin a gwada kowanne daban. Idan waya ce ke cijewa, laifin nata ne. Idan faifan ne ba ya komawa, datti ne ko sifirin. A raksha da babur, a tayar da injin a juya kai dama da hagu: idan ƙarar ta ƙaru, wayar ta yi gajarta ko an bi da ita ta inda bai dace ba. A sababbin motoci bakanike kan jona kwamfutar bincike. Lambar P2111 na nufin faifan ya maƙale a buɗe, P2112 kuma a rufe.

Gyara

Wayar da ta fara tsinkewa canza ta ake yi, haka ma sifirin da ya saki. Kada a ɗura wa kube giris ko baƙin mai, domin suna kama ƙura su zama taɓo. A wanke maƙogwaron da maganin wanke kafireta, a canza matatar iska. A mota mai totur na lantarki, kada a tura yatsa cikin faifan makulli na kunne, kuma wasu motocin sai an sake saita su bayan wanki.

Darasin Toyota

A watan Agustan 2009 mutum 4 suka rasu kusa da San Diego a Amurka, bayan tabarmar da ba ta motar ba ta danne totur ɗin wata Lexus. A Janairun 2010 Toyota ta janye motoci miliyan 2.3 a Amurka saboda totur mai cijewa. Binciken hukumar NASA da aka fitar a Fabrairun 2011 bai gano laifin lantarki ba, kuma a Maris ɗin 2014 kamfanin ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2. Shi ya sa ake fara dubawa daga ƙarƙashin ƙafar direba kafin a kwance komai a injin.