Gayya da Kachala a Fadamar Haɗeja

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kogin Haɗeja da damina yake cika ya malala, da rani ya janye. Manoma sun san lokacinsa. Mai gari da sarkin noma ke raba fadama su sasanta rikici, gyaran hanyar ruwa kuwa aikin gayya ne.

Da Tiga da madatsar Challawa, wadda ta biyo baya a 1992, suka sa ruwa na gudana har da rani, sai ciyawar kachala ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa cinye gonakin shinkafa har wajen Nguru.

Mutanen ƙauyuka suka koma ga gayya: ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, suna sarar kachala. Aikin ya fi ƙarfin lauje kaɗai, dole gwamnati ta kawo injinan yashe kogi.