Bakolori: Waɗanda Taswira Ba Ta Gani Ba

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, gwamnatin soja ta ba kamfanin Impresit na Italiya kwangilar gina madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Aka kammala ta a 1978, shekarar da aka kafa dokar da ta damƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. A takarda, aikin noman rani ne na zamani. A ƙasa kuwa, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, wasu gonakin kuma aka karɓe su don a baje su, manoma suka yi damina bayan damina ba shuka, diyya ta zama ta jeka-ka-dawo.

Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin mulkin farar hula na Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙona gidaje. Adadin mamatan da gwamnati ta faɗa kaɗan ne. Mutanen yankin suna maganar ɗaruruwa. Waɗannan fa 'yan ƙasa ne da suka fita zaɓe watanni kaɗan kafin nan.

Wannan ɓangaren mun fi saninsa. Akwai wani da ba mu cika tunawa ba, wanda masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Bill Adams, ya bi diddiginsa: mutanen da ke gangaren kogi, ƙasa da madatsar. Su ba a tashe su ba, ba a taɓa gonarsu ba, don haka sunansu bai shiga lissafin diyya ba. Amma fadamarsu da ambaliyar shekara-shekara take rayuwa. Da aka tare ruwan, ambaliya ta ragu, masu shinkafa suka koma gero da dawa, kamun masunta ya ja baya.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan matsalar: abin da ba a tanadar masa gurbi a rumbun bayanai ba, tsarin ba ya ganinsa. Taswirar Bakolori ta tanadi gurbin kadada, da magudanan ruwa, da iyakar aikin. Ambaliyar da manomin gangare ya gada tun kaka da kakanni ba ta da iyaka da za a auna da igiyar safiyo, ba ta da takardar shaida, kuma ba a san ofishin da zai kai ƙorafinta ba.