"Ta Ci Kuɗinsa": Toshi, Bashi da Jinin Mace a Kano

A daren Juma'a, 16 ga Satumba, 2022, Geng Quangrong, ɗan ƙasar Sin mazaunin Kano, ya shiga gidan su budurwarsa Ummukulsum Sani Buhari, wadda aka fi sani da Ummita, a Janbulo, ya daddaɓa mata wuƙa har rai ya yi halinsa. Ranar 26 ga Maris, 2024, Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Wannan ta kotu ke nan. Akwai wata shari'ar da aka yi a majalisun hira, inda mamaciyar aka gurfanar, wannan shari'a ce kuma maƙalar nan ta sa a gaba.

Wanda ya zauna teburin mai shayi a tashar Unguwa Uku a waɗancan makonni ya san yadda zancen ke tafiya. Mutum zai tsoma burodi a kofi, ya yi mata addu'ar rahama, sannan ya sassauta murya ya ƙara da cewa amma fa ta ci kuɗinsa. Wannan "amma" ita ce abin nazari. Geng ya shaida wa kotu cewa ya kashe mata kimanin naira miliyan 60, adadin nan kuwa ya fi wuƙar yawo a bakin mutane.

Me jumlar ke ɗauke da shi? Ta mayar da kyauta bashi, ta kuma nuna cewa idan mace ta ce a'a, ana iya biyan bashin da jini. Al'adarmu ba ta san wannan ba. Toshi da kuɗin zance tsofaffin abubuwa ne, fasa aure ma haka, kuma tun tuni an tanadi mafita. Malaman Malikiyya na baya sun tafi a kan cewa idan fasawar daga ɓangaren mace ta zo, mai nema yana da damar karɓar abin da ya bayar. Idan shi ya janye, ya yi asara. Kotunan shari'a da Hukumar Hisbah suna sauraron irin wannan ƙorafi, a zauna a yi lissafin atamfa da wayar hannu, a biya, kowa ya kama gabansa. Wanda ya bar wannan ƙofa a buɗe ya ɗauki wuƙa, ba kuɗinsa yake nema ba. Ikonsa a kanta yake nema.

Kasancewar mai laifin baƙo ya ba mu wurin fakewa, sai ka ce halin daga Sin aka yo safararsa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun rushe wannan: mata da 'yan mata kusan 51,100 ne mazajensu, samarinsu ko danginsu suka kashe a duniya, 21,700 daga ciki a Afirka. Makashin mace galibi ya san ƙofar ɗakinta.

Wani zai ce iyaye su hana 'ya'yansu karɓar abin hannun wanda ba za su aura ba. Nasiha ce mai kyau, ni ma ina yi wa ƙannena. Sai dai ba ta bayyana mutuwar matar da aka biya sadakinta cif, ta haifi 'ya'ya, ta yi yaji sau uku saboda duka, kowane karo a ce mata ta yi haƙuri, kawunta ya sa ta a adaidaita sahu ya mayar da ita.