Daga Jakin Fatake zuwa Keken Lantarki: Parakou da Djougou

A ƙarni na 19, ayarin fatake daga Kano kan yada zango a Parakou da Djougou a kan hanyarsu ta zuwa Salaga, kasuwar goron Gwanja. Jakai ne ke ɗaukar kanwa da tufafi. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, amma bai ƙarasa Djougou ba, sai mota da keke suka gaji sauran aikin jaki.

Kekunan wancan zamani, irin su Raleigh, baƙin ƙarfe ne zalla, har da rassan nan biyu da ke riƙe ƙafar gaba. Wannan ya zama abin lura a yau, da ake mayar da keke mai aiki da batir ta hanyar ɗaura inji a cibiyar ƙafar gaba. Dabarar injin cibiya ba sabuwa ba ce: Ogden Bolton ya yi mata rajista a Amurka tun 1895, sai dai a ƙafar baya ya sa nasa.

Rassa masu lotsawa, waɗanda RockShox ya fito da su a 1989 domin kekunan hawan dutse, ba don ja aka ƙera su ba. Bakinsu na alminiyam ne ko maganiziyam. Idan inji ya murɗa sandar cibiya, baƙin ƙarfe lanƙwasa yake yi, mahayi ya farga. Alminiyam kuwa tsagewa yake yi farat ɗaya, ƙafa ta fice ana cikin gudu. Shi ya sa masu gyara ke ƙara ƙarfen tokare, ko su nemo tsofaffin rassa.