Kyandir, ƙafa da mita: tarihin awon haske

Kafin zuwan lantarki, da harshen wuta ake auna haske, kuma kowace ƙasa da fitilar gwajinta. A Ingila, dokar 1860 ta tsayar da kyandir na kitsen kashalo, wata ƙatuwar dabbar teku. Faransa ta dogara ga fitilar Karsel mai cin man kolza, Jamus kuwa ta rungumi fitilar Hefna ta 1884. Sai a 1909 Ingila, Faransa da Amurka suka daidaita kan kyandir guda, kana a 1948 taron ƙasashe ya amince da kandela.

Duk da haka saɓani bai ƙare ba, domin hasken da ke sauka kan teburi bisa faɗin wurin ake lissafa shi. Masu mita suna auna lumen nawa ke zuba kan mita murabba'i, shi ne luks. Masu ƙafa kuwa kan ƙafa murabba'i suke aunawa, shi ne kyandir-ƙafa. Yarjejeniyar 1959 ta tsayar da ƙafa a mita 0,3048, saboda haka kyandir-ƙafa ɗaya luks 10,76 ne. Ashe bambancin gadon awon tsawo ne.

Har gobe injiniyoyin Amurka da dama da kyandir-ƙafa suke aiki. Idan tsarinsu ya nemi 30 a aji, luks 323 ke nan. Wanda ya ɗauki 30 ɗin a matsayin luks zai ba ɗalibai abin da bai kai ushirin hasken da ake bukata ba, kuma idanunsu ne za su biya bashin.