Gajiyar da barci ba ya magani: yadda aiki da tunanin kuɗi ke cinye mutum a hankali

Akwai gajiyar da mutum ke kwanciya da ita ya tashi garau, akwai kuma wadda ke kwana da shi har wata da watanni. Ta biyun ce Turawa ke kira burnout. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da matsin aiki na dogon lokaci ke haifarwa, ba cuta mai zaman kanta ba. Alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, mutum ya tsani aikin da a da yake so, sannan abin da yake iyawa ya fara gagararsa.

Ni ɗan falken shanu ne daga Jimeta, don haka da sana'armu zan yi misali. Ana loda tirela a Ngurore ko a tiken Mubi, a bi ta Numan, Jalingo, Wukari, Makurɗi, har Lokpanta, ko a miƙa Legas. Yaran da ke saman mota ba sa barcin kirki, domin saniya in ta faɗi ba a tashe ta ba, sauran za su tattake ta. Ga shingaye, kowanne da abin da za a miƙa. Amma fa wannan wahalar jiki ce, kwana biyu a masauki ta wuce.

Abin da ba ya wucewa shi ne lissafi. Yawancin shanun da ake kaiwa kudu bashi mahauta ke ɗauka ta hannun dillali, kuɗin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, alhali shi falken ma wataƙila da kuɗin wani ya saya. Sai ya zama jiki na kwance, kai na kasuwa. Ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023 ya tsayar da ciniki, domin makiyayi da yawa ba sa karɓar taransifa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a 'yan kwanaki, komai ya bi shi. Ɗan Keke Napep a Jimeta sai ya haɗa balas ɗin mai keke da kuɗin mai kafin ya ga nasa.

Da tafiya ta yi nisa, abubuwan biyu sai su riƙa ciyar da juna. Tsoron bashi ya sa a ƙara awanni, a daina hutun Juma'a. Rashin hutu ya kawo mantuwa da saurin fushi, a yi kuskuren ciniki, a rasa kwastoma, bashin ya ƙaru. A nan ne wasu ke faɗawa tiramol don su iya jurewa. A ganina wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ba shi da ta cewa a aikinsa, kamar yaron mota ko ɗan dako, ba lalle sai wanda ya fi kowa talauci ba.

Ku da ke Sabo ko Agege, ga ƙarin nauyin aike gida duk wata. In ɗan'uwa ya daina zama majalisa, ya bar cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa makonni, kada a ce lalaci ne. A rage masa aiki, a zauna da maigidansa a tsara yadda zai biya bashin, a kai shi ya ga likita, domin ciwon damuwa da hawan jini kan ɓuya a bayan irin wannan gajiya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba ta Legas da Aro ta Abekuta, kuma ba sai wanda ya zautu ne ke zuwa ba.